Tsohuwar bindiga a ƙasar Gwandu da Kabi: inda dokar makamai ta haɗu da dokar kayan tarihi

A garuruwan ƙasar Gwandu, daga Wurogauri da ke Ƙaramar Hukumar Kalgo har zuwa ƙauyukan da ke kewaye da garin Gwandu kansa, ba abin mamaki ba ne a tarar da doguwar bindigar toka jingine a lungun ɗakin maigida, an naɗe ƙotarta da fata, wani lokaci har da laya a ɗaure. A wurin iyalan gidan gadon kaka ce, maharbi kuma yana ganinta kayan sana'a, mai nazarin tarihi yana ganinta shaida. Doka kuwa tana da amsoshi biyu a kanta, domin dokar bindigogi da dokar kayan tarihi ba su kalle ta da ido ɗaya ba. Tun da matsalar tsaro ta sa jami'ai binciken makamai gida-gida da kan hanyoyi, sanin wannan bambanci ya zama abin da zai iya raba mutum da ɗauri, ya kuma hana a jefa kayan tarihi cikin tarin da za a ƙona.

Bindiga baƙuwa ce a fagen daga

Kalmar bindiga daga Larabci ta fito, haka ma albarushi da harsashi. Wannan ya nuna ƙofar da makamin ya fara shigowa ta cikinta, wato hanyar Sahara. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Tarihin Kano kuma ya ce Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga masu tsaron sarki. Daga baya wata ƙofar ta buɗe ta kudu, inda fatake ke hawowa da bindigogin Turawan gaɓar teku ta ƙasar Yarbawa da Nupe. Waɗannan su ne Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Denmak, waɗanda ke cinikinsu a gaɓar da a yau ake kira Gana, kuma sunan ya bi duk wata bindiga mai ɗuri ta baki har cikin dokokin Najeriya.

Sai dai bindiga ba ita ta ci yaƙin jihadi ba. A Tafkin Kwatto, cikin Yunin 1804, rundunar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta da kwari da baka ta karya dawakin Gobir. Da irin waɗannan makamai aka ci Birnin Kebbi a 1805, shekarar da jama'ar Shehu ta sauka a Gwandu ta kuma sha wuya a yaƙin Alwasa. Shekara ashirin bayan haka lamarin bai sauya ba. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya ga harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a 1826, ya ƙirga bindigogin da ba su kai hamsin ba a cikin runduna ta dubban mutane. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa doki da mashi da kibiya ne suka riƙe fagen daga, kuma sai a rabin ƙarnin na biyu bindiga ta fara yawa, musamman a hannun bayin sarki, waɗanda sarakuna suka fi amince wa da ita.

Dalilan a bayyane suke. Bindigar wancan zamani tana da jinkirin ɗuri: a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a tura dalma ko guntun ƙarfe, a danna da sanda, sannan a jira ƙanƙara ta ba da tartsatsi. Kafin a gama wannan, gwanin baka ya saki kibau da dama masu dafi. Da damina albarushi kan jiƙe, bututu mara inganci kuma kan fashe a hannun mai shi. Sunan harba-ka-ruga da ake kiran irinta da shi a yau ya isa bayani. Amfaninta mafi girma shi ne ƙara da hayaƙi, masu firgita dawakin da ba su saba ba. Inda aka tara ta da gaske shi ne Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu, wanda har igwa aka ƙera masa a Zinder, da kuma rundunar Rabeh da ta mamaye Barno a 1893.

Tsakanin Gwandu da Kabi kuwa, yaƙi ya ci kusan ƙarnin gaba ɗaya. Kabawa sun sake tayar da kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, kuma ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, hare-hare ba su yanke ba har zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883. Garuruwan da ke tsakanin masarautun biyu a bakin daga suka zauna, shi ya sa ganuwa da ribaɗi suka yawaita a yankin, shi ya sa kuma tsofaffin gidaje da yawa ke da takobi ko mashi ko sulke da suke dangantawa da wancan zamani.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka ga iyakar tsohon makami, lokacin da sojojin Ingila suka fuskanci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a bayan ganuwar Sakkwato da igwa da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Maxim. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, mutanen Satiru da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka kwashe bindigoginsu har da Maxim ɗaya. Martanin da aka mayar a watan Maris ya shafe garin, kuma Turawa sun tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana tare da masu tawayen. Daga nan hukumar mulkin mallaka ba ta ƙara sakaci da batun wanda ke riƙe da wace bindiga ba.

Asalin rabon bindigogi gida uku

Tushen tsarin da Najeriya ke bi ya girmi Najeriya. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan Yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin babban yankin Afirka, amma ta bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ma'anarta a aikace ita ce Bature ya riƙe mai kyau, ɗan ƙasa ya riƙe mai hayaƙi. Wannan rabo ya bi dokokin mulkin mallaka har ya sauka cikin Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ita ce ke aiki har yanzu, da gyare-gyaren da aka yi mata.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko shi ne haramtattu: igwa, roka, bama-bamai da gurneti, bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja, da ƙananan bindigogin hannu irin su libarba. Ba mai riƙe ɗaya daga cikinsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin saɓawa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Gida na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar na farauta da na iska, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, hukuncin riƙe su ba izini kuma yana iya kaiwa shekara biyar. Na uku su ne masu ɗuri ta baki. A nan dokar ta sassauta: ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iko, da yardar gwamna, ya fitar da umarnin hana riƙe su sai da lasisi, a jihar duka ko wani sashenta. Ta kuma ba da damar a ba maƙeri izinin ƙera su da gyara su. Ba a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka taɓa kamawa da laifin tashin hankali a shekaru biyar da suka gabata.

Akwai wani abu a jadawalin dokar da ya shafi masu kayan gado kai tsaye. Ya karkasa bindiga ne bisa ƙirarta, ba bisa shekarunta ba, kuma ya ambaci ƙaramar bindigar hannu mai ƙanƙara da sunanta a cikin haramtattu. Ke nan 'yar gajeriyar bindigar da wani basarake ya soka a ɗamararsa shekara 150 da suka wuce tana layi ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta, alhali doguwar 'yar'uwarta tana gida na uku. Dalilin masu dokar shi ne ƙaramar tana ɓoyuwa a cikin riga. Haka kuma ma'anar bindiga a dokar ta haɗa da sassanta, don haka cire kunama ko raba bututu da ƙota bai isa ya fitar da ita daga hannun hukuma ba.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ƙara wani ƙulli. Makamai da harsasai da ababen fashewa suna cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kayan tarihi kuwa tarayya da jihohi sun yi tarayya a kansu, kuma jiha na iya kafa gidan tarihinta. Saboda haka gwamnatin jiha ko masarauta tana iya gina ɗakin nuni ta sa gilashi, amma ba ta da ikon cewa abin da ke cikin gilashin ya daina zama bindiga.

Shekarar 1918

A ɗaya ɓangaren akwai dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato Doka ta 77 ta 1979, wadda ta gaji dokar kayan tarihi ta 1953. Ita ta lissafa makami da sulke da kayan sarauta a cikin abubuwan da ke iya zama kayan tarihi, bisa sharaɗin aikin 'yan ƙasa ne, kuma an yi shi kafin 1918, ko kuwa yana da ƙimar tarihi kuma an yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Abin da ya cika wannan sharaɗi ba a fita da shi ƙasar waje sai da izinin hukumar, ba a kuma sayar da shi ga kowa sai wakilin da ta amince da shi.

Sharaɗin “aikin 'yan ƙasa” yana da wuyar aunawa a kan bindiga fiye da kan takobi ko tambari. Bindigogin ƙarni na 19 da yawa an ƙera bututunsu a Birmingham ta Ingila ko Liège ta Beljiyam, sannan maƙeran nan suka yi ta sauya musu ƙota da kunama da ɗaurin tagulla har ba a iya cewa ga inda aikin Bature ya ƙare. Kuma tun da maƙeran karkara sun ci gaba da ƙera irin wannan fasali har yau, wasu da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, tsatsa kaɗai ba ta tabbatar da tsufa. Abin da ke tabbatarwa shi ne tambarin masana'anta in akwai, salon ƙira, da kuma labarin da ya biyo ta daga hannu zuwa hannu. Wannan labarin ne kan fara ɓacewa idan dattijon gida ya rasu ba a rubuta ba.

Gidan Tarihi na Kanta

Wurin da ya fi kusa da mutumin Kalgo ko Gwandu da zai ga makaman wancan zamani a jere shi ne Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, ana danganta shi da Yakubu Nabame, kuma sarakuna sun zauna a ciki har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. An buɗe shi a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yulin 1958, wato shekara guda kafin Dokar Bindigogi, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Yana da sassa 11, kuma a harabarsa ake binne sarakunan Argungu. A ɓangaren makamai akwai masu, takubba, kwari da baka, layu, ganguna da bindigogin gargajiya.

Jerin yana faɗin gaskiyar tarihi ko da ba a rubuta komai a jikin bango ba: bindiga ɗaya ce daga cikin kayan yaƙi, ba shugabarsu ba, kuma laya tana kusa da ita domin mayaƙin wancan lokaci bai raba su ba. Amma akwai abin lura. Makaman da ke Argungu na ɓangare ɗaya ne na yaƙin, kuma waɗanda aka yaƙa da su kakannin mutanen Gwandu ne. Gidan tarihin da ke nuna irin wannan kaya yana tafiya ne a kan siraɗi tsakanin alfahari da tayar da tsohon miki. Argungu ta sami sauƙin wannan saboda sulhun yana da nasa biki: ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ita ce mafarin bikin kamun kifi na zamani, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. A garin Gwandu kuwa, abin da baƙo ke zuwa gani shi ne Hubbaren Malam Abdullahi, kuma gadon da aka fi tattalawa a can littattafai ne.

A sauran Najeriya, Gidan Makama na Kano da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna da nasu kayan yaƙi. Wanda aka keɓe wa makamai kacokan shi ne Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985, inda ake nuna kayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da bam ɗin Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera.

Ajiye bindiga a gidan tarihi yana da hatsarin da takobi ba shi da shi. Mai ɗuri ta baki ba ta nuna ko da ɗuri a cikinta, kuma albarushi yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Shi ya sa ƙa'idar masu adanawa ita ce a ɗauki kowace a matsayin ɗurarriya har sai an zura sanda an gwada zurfin bututun da tsawonsa na waje. Ragowar albarushi na jan laima ya ci ƙarfe daga ciki, gara na cin ƙota, sanyin hunturu na tsaga itace da fata. Gogewa da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, wadda masu gida kan yi da kyakkyawar niyya, ita ke share tambarin da za a gane asalinta da shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yanke

Ƙasashe da dama sun warware rikicin da sa shekara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kan bindigogi ta cire na tarihi daga hukuncinta, amma ta ce duk wadda aka ƙera bayan 1899 ba za a kira ta ta tarihi ba. Dokar tarayyar Amurka ta tsaya a 1898. Ingila ta daɗe tana barin mutum ya ajiye tsohuwar bindiga ba lasisi in don ado ko sha'awa ce, kuma tun 1988 tana da lasisi na musamman ga gidajen tarihi, wanda ke ɗora musu sharuɗɗan tsaro. Da ta ga masu laifi suna sayen tsofaffin libarba suna haɗa musu harsashi, sai ta tsaurara a 2021, ta ce sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumbar 1939, kuma irin harsashinta ya daina samuwa.

Ɗaya hanyar ita ce kashe bindiga, wato a toshe bututun a narke sassan da ke motsi. Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida ɗaya a kan haka a ƙarshen 2015, shekarar da aka ga makaman da aka ce an kashe sun sake tashi a hare-haren Faransa. Masu gidajen tarihi ba sa son wannan hanya, kuma suna da hujja, domin bindigar da aka narke cikinta ta rasa rabin abin da za a koya daga gare ta. Ga bindigar toka ma ba ta da wata fa'ida: wanda ke son irinta zai samu sabuwa a maƙera da kuɗi kaɗan, ba sai ya fasa gidan tarihi ba.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu

Cibiyar binciken ƙananan makamai ta Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya. Kebbi ta ɗanɗana sakamakon. A Yunin 2021 aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. A irin waɗannan wurare bindigar toka ta sauko daga bango ta koma hannu, tana fuskantar AK-47, kusan yadda ta fuskanci Maxim a 1903.

Hukumomi sun ja ta fuska biyu. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, manyan jami'an tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan iko. A Agustan 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Najeriya tana cikin Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, ta kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwarsu a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, aka kuma ba cibiyar ƙarfin doka a 2024. Cibiyar tana tattara makaman da aka ƙwace tana lalatawa a bainar jama'a. Aikin ya zama dole, sai dai a tarin da ake cinna wa wuta bindigogin gida sukan yi yawa, kuma wanda bai san ƙira ba ba zai bambanta ta bara da ta zamanin Sama'ila ba. Mai neman inda makaman zamani ke zurarewa kuma ba gidan tarihi zai duba ba: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 ba a san inda suke ba a rumbunan 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078.

Harshe ma ya ɗauki tabon. A fada, 'yan bindiga su ne dakarun da ke tafe gaban sarki ranar hawan Sallah suna harba albarushi sama, ƙarƙashin Sarkin Bindiga, kuma ƙarar tasu ce ke shaida wa gari cewa sarki ya fito. Wannan yana cikin abin da UNESCO ta karrama a Disambar 2024 da ta amince da hawan Kano. A kanun labarai na yau kuwa, kalmar tana nufin masu satar mutane da shanu. Yaron da aka haifa a Kalgo bayan 2010 ma'ana ta biyu ya fara ji.

Ga iyalin da ke da irin wannan gado, abin da ke hannunsu shi ne su tabbatar ba ɗuri a ciki ta hannun wanda ya san aikin, su ɗauki hotonta da duk wani tambari da ke jikinta, su rubuta sunan wanda ya fara riƙe ta da yadda ta iso gidan tun masu sani suna raye, sannan su bi ta hannun hakimi zuwa ofishin 'yan sanda su ji matsayinta. In doguwa ce mai ɗuri ta baki, tambayar ita ce ko akwai umarnin lasisi da ke aiki a jihar. In gajeriya ce ta hannu, komai tsufanta, tana gidan haramtattu.